Saniyar Takarda ta Mahaifiyata

Shekarun baya, zamanin soja, lokacin da kuɗin mai suka cika gari har masinjoji na sayen sabon babur, ina da ɗan shagon fata kusa da Ƙofar Taramniya. Ko harafi ɗaya na boko ban sani ba. A lokacin ne rediyo ya riƙa cewa an umarci kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari.

Abokina, akawu a wani ofis a Sama Road, shi ya warware mini maganar. Ya ce kamar a haɗa kuɗi a sayi garke ne, kowa da rabonsa, in an ci riba a aiko maka. Daidai lokacin mahaifiyata ta danƙa mini abin da ta tara a sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta ce in sayo mata saniya a kai wa Fulani kiwo, ta samu abin dogara ranar da hannunta ya kasa matsa. Na yi ta lallashinta har ta yarda. Aka cika fom da sunanta, ta dangwala yatsa, ta zama mai rabo a wani kamfanin sabulu da ke Ikko. Sharaɗinta ɗaya ne: kada kowa ya ji, don in dangi suka ji, zaure zai cika.

Da takardar shaida ta iso, da adonta a gefe kamar bakin zane, ta juya ta gaba da baya, ta shinshina. "To, wagga ita ta saniyar?" Na ce ita ce, Inna. Ta sa ta a ƙasan adudu, cikin turare.

Ni kuwa na faɗa mafarki. In rana ta take, kasuwa ta yi shiru, sai in ga masana'antar nan da ban taɓa gani ba, a bakin teku, farin kumfa na tashi sama, da wani bulo guda a bangonta wanda na mahaifiyata ne. In na ga mace na wanki da sabulun nan, sai in ji kamar mu take yi wa aiki.

Aka canza wa abokina gari. Masinjan ofishinsu ya riƙa kawo mini ambulan lokaci-lokaci. In buɗe, in ga 'yar takarda da Turanci. Na ɗauka gaisuwa ce, irin saƙon da makiyayi kan aiko cewa dabba tana lafiya. A gidanmu ba a wulaƙanta rubutu, ga kuma alkawarin rufin asiri, don haka kowace ta bi 'yar'uwarta cikin adudu. Ni jira nake wani mutum ya sauko daga mota da jakar kuɗi.

Shekara uku. Wuyan hannun Inna ya fara ciwo, tuyar ta ragu. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Sai dai in na shigo gaishe ta, ta ce, "Saniyag ga taka ba ta haihuwa?" Gara ma a ce dukana ta yi.

Wannan tambaya ta kai ni ajin yaƙi da jahilci, bayan la'asar, da gemuna, ina riƙe fensir kamar wuƙar yankan fata. Bayan watanni, wata Juma'a, na fito da takardun. Na haɗa sunanta harafi bayan harafi. A ƙasansa na ga alamar naira da lambobi, kowace takarda da nata.

Da na kai su banki, ma'aikacin ya fara dariya, da ya dubi fuskata ya daina. Ya ce ribar ce muke ta yi wa turare. Kowace takarda kuɗi ce, amma wadda ta wuce wata shida ta mutu, sai an mayar Ikko an sabunta. Na aika, na yi wata huɗu ina leƙen hanyar masinja. Suka dawo sababbi, banki ya biya.

Ba garke aka samu ba, amma an samu karsana, ja, mai farin goshi, domin ta dage sai ta ga mai numfashi. Na tambaye ta ko in sayar da takardar, ta huta. Ta ce, "Bar ta nan. Wagga ba ta cin dusa."

Daga nan maƙwabta suka fara kawo mini ambulansu, har abin ya zama aikina, fata ta koma gefe. Yanzu in sabon shiga ya zo koyon harkar, ba na fara masa da riba. Nakan ba shi labarin nan, in ce duk wanda ya ɗora a kan jari, ya tabbata ya nuna masa yadda nonon zai iso, da kamanninsa.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Takardar na wurina, har yau tana ƙamshin adudunta.