Maganin da Ya Ƙi Narkewa

Gwaggo Safiya ƙanwar mahaifina ce, kuma duk unguwar Abakpa babu wanda ya kai ta sanin man kaɗe. Ta haura shekara talatin tana sana'ar. Takan saro shi dunƙule-dunƙule wajen matan da ke kawowa daga ƙasar Nufe, ta narkar a babbar tukunya, ta tace da ƙyalle, ta ɗura a robobi. Da ɗan yatsa kawai take gane wanda aka yi wa algus da kitse. In ka kuskura ka ce nata ya yi tsada, sai ta karɓe robar daga hannunka ta ce ka je ka shafa na kanti, ai fatarka ce. Mafaɗaciya ce ta gaske, ni kuwa halinta na ɗauko kaf, shi ya sa ba ma minti goma ba mu saɓa ba, kuma ban iya mako ban leƙa ta ba.

Mijinta, Malam Jibrin, direba ne a wata ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya. Mutum ne mai sanyi, in tana faɗa sai ya ƙara muryar rediyo yana murmushi. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ke zamansu a ɗaki da falo.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa. Sabon takalmi ne ya goge masa diddige ranar Idi, ɗan ƙurjin ya zama gyambo, aka shafe wata huɗu ya ƙi rufewa. Likita ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: in ciwon ya kai ƙashi, ƙafar za a yanke. Tun daga ranar Gwaggo ta rage sana'a, ƙafar nan ta zama aikinta.

Ranar da aka canza masa magani ni na kai shi asibiti, don ina da mota. Dakta Nuraddeen ya ba mu kwalabe uku na wani ruwa garai-garai. Ya ce wannan ba irin wanda aka saba ba ne: in yana cikin sanyi ruwa ne, da ya ji ɗumin jiki sai ya kama ya yi kauri, ya cike ramin ciwon, ya riƙa sakin magani a hankali. Da Turanci ya yi bayanin, ni yake kallo, don ya ga katin ofis rataye a wuyana. Ni kuwa agogo nake dubawa, ana jira na a taro. Da muka iso gida ko motar ban kashe ba, na miƙa wa Gwaggo leda ta taga na ce, "A firij za a ajiye, a zuba kullum bayan an wanke." Iyakar abin da na gaya mata ke nan.

Kwana goma abin ya yi kyau, har bakin ciwon ya fara haɗewa. Sai taransifomar layinsu ta ƙone, ga zafin watan Afrilu. Washegari Gwaggo ta ɗauko kwalba ta tarar maganin ya daskare, ta kife ta ko ɗigo bai sauko ba.

To me mai man kaɗe za ta yi da abin da ya daskare? Ta sa kwalbar a ruwan ɗumi. Bai motsa ba. Ta shanya ta a rana bisa kwano. Ta jingina ta da murhun gawayi tana jujjuyawa, kamar yadda take wa mai tun kafin a haife ni. Sai ƙara ƙanƙamewa yake. Ta kira ni sau biyu, ina Abuja wajen bita, na ce zan kira ta in an tashi. Ban kira ba.

Ta yanke hukunci cewa jabu aka ba su, domin a saninta babu abin kirki da wuta ba ta narkarwa. Ta watsa kwalba biyu a bola, ta ɓoye ɗaya don shaida. Ta koma shafa masa zuma da man kaɗe, ta kuma rantse ba za ta mayar da mijinta wajen likitan da ya cuce su ba. A wannan karon aiki ya sha kaina. Da na je bayan mako uku, wari ne ya tare ni tun daga ƙofar gida.

An yanke ƙafar a ƙasan gwiwa ranar wata Talata.

Ranar Alhamis Gwaggo ta zo asibiti da kula cike da ƙanƙara da fiya wata saboda masu dubiya. Ta cusa kwalbar shaidarta a ciki don kada ta fashe a Keke. Ta tsaya a baranda tana dakon likitan, ni ina gefenta, na san abin da ke tafe.

"Likita, ka ji tsoron Allah," ta ce da shi. "Dubi abin da ka ba mu."

Ta zaro kwalbar ta kife ta a gabansa, don ya ga ba ta motsi. Maganin ya gangaro zuwa murfi kamar ruwa.

"Mama, ai haka yake," in ji shi a hankali. "Zafi ne ke daskarar da shi, sanyi ke sake shi. Ko a randa kika sa, da ya dawo. Na yi wa 'yarki bayani." Ya ƙara da cewa ciwon ya riga ya yi zurfi, ko da maganin ma ba tabbas, wataƙila ne kawai.

Ya wuce. Gwaggo ta zauna a benci riƙe da kwalbar a tafin hannu, tana kallo har ɗumin hannunta ya sake daskarar da shi.

"Gwaggo, laifina ne," na ce. "Ya gaya min, ni ban gaya miki ba." Na so ta zage ni, wallahi da na ji sauƙi.

"Ke ba ki hura wuta ba, Khadija," ta ce. Can kuma ta ce, "Randar tana bakin ƙofar ɗakin. Taku uku ne."

Ta miƙe ta shiga ɗakin marasa lafiya, na bi ta. Malam Jibrin na kwance, ya san abin da ta fita yi.

"Ya amsa laifinsa?" ya tambaya.

Na girgiza mata kai, ina roƙon ta da ido ta bar zancen. Ba ta kalle ni ba. Ta gyara masa zanin gado a inda ya lotsa.

"Maganin na gaske ne, Malam. Ni na yi ta dafa shi."

Ya ce, "Ashe da ta warke ke nan?"

"Likita ya ce wataƙila."

Ya juya fuskarsa bango. Ita kuma ta ɗauki mafici ta ci gaba da yi masa fifita.