Ranar da Sunayen Masu Ban-ruwa Suka Ɓace

Shekarun baya, ina sabon koyon rubuta manhaja, kawuna ya roƙe ni in sa masa jerin manoman albasa na ƙungiyarsu a kwamfuta. Shi ne sakatarensu a Goronyo. Jerin nan shi ke nuna wanda ke bin wani wajen karɓar injin ban-ruwa, kuma an tsara shi ne bisa wanda ya riga shiga fadama. Dattawa sun daɗe suna gardama kafin su amince da shi, don haka ba a taɓa shi sai an yi rasuwa.

Na sa maɓallin cire suna. Umarnin yana neman abu biyu: inda za a fara cirewa, da guda nawa za a cire. Ni gwani, na rubuta na farko na manta na biyu. Da na gwada a tsohuwar kwamfutar ofishinsu, ba abin da ya motsa. Na ce tsufa ne ke damunta, na kwafe aikin zuwa sabuwar wayar kawu, na koma Wurno.

Bayan sadakar arba'in ɗin wani dattijo, wanda shi ne na tara a jeri, kawu ya danna maɓallin. Sai ya kira ni.

“Ɗana, mi ka yi muna? Mutum guda ya rasu, manhajarka ta binne sittin.”

Takardar asali kuwa tuni an ƙunshe tsire da ita, tunda na ce masu an daina yayin takarda. Ga taro gobe.

A mota, a hanyar Goronyo, na gano dalili. Idan ba a faɗi adadi ba, sabon inji irin wayar kawu yana share komai har ƙarshen jeri. Tsohon kuwa ba ya cire ko ɗaya. Ina isa na kunna kwamfutar da na raina. Ta yi nishi, ta buɗe. Kowane suna na wurinsa, har da na marigayi.

Kawu ya karanta su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, “Ka gani? Tsohuwa ba ta aikin da ba a gaya mata ba.”

Tun ranar ba na barin inji ya cike mini abin da ban faɗa ba. Jerin kuma yanzu yana cikin littafi, a aljihun kawu. Da hannuna ya sa na kwafe shi.