Yatsan Orville a Gangar Silvio

A wannan kwari namu na Kalifoniya, idan aka ambaci Orville Bettencourt, ba wanda ke fara tuna cewa shi ne ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar 'yan makaranta bai taɓa goge ko kare ba. Yatsansa ake tunawa.

Ranar bikin girbin inabi ne a gonar tsoho Silvio, a shekarar da Orville da matarsa Marlys suka shiga ƙungiyar masu sayen giyar gonar. Silvio ya kwashi rabin jama'a a bayan tarakta, zai nuna musu kurangar inabin da ubansa ya dasa can ƙarshen gona. Orville kuwa zaman mota ya ishe shi duk mako, ya ce su je su dawo. Ya shiga rumbun ganguna yana 'yan leƙe-leƙe, hannu a baya kamar dubagari, har idonsa ya faɗa kan wata tsohuwar gangar katako mai ɗan itace a gindinta. Duk wanda ya tashi cikin inabi ya san ta sama ake ɗanɗana abin da ke ganga. Amma Orville a gidan tatsar shanu ya girma, inda duk abin da ke gindin tanki famfo ne. Ya kama ya murɗa. Matoshin ya fito, ya suɓuce ya bi ƙarƙashin ganguna, jar giya ta feso masa daga ƙirji har takalmi, a farar rigarsa ta zuwa coci.

Bai yi ihu ba. Ya durƙusa ya cusa babban yatsa a ramin, ya danne da ɗaya hannun, ya zauna a haka.

Silvio kuma idan ya fara labarin ubansa ba ya sanin rana ta yi. Waɗanda suka rage a tsakar gida suka taru a ƙofar rumbu, masu dariya na yi, masu ba da shawara na bayarwa, babu mai karɓar aikin. Marlys ta zo ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ita rigar ce ta dame ta. Mace ce doguwa marar yawan magana, 'yar manoman arewa, irin waɗanda a gidansu riƙe hannun miji a kan titi rashin kamun kai ne. Ta fita, aka ɗauka fushi ta yi. Sai ga ta da faranti: gasasshen nama, wake da burodi mai tafarnuwa. Ta jawo akwati ta zauna kusa da shi tana yanka naman ƙanana tana sa masa a baki, tana share masa haɓa, fuskarta a murtuke kamar mai ba yaro magani. A haka Silvio ya dawo ya same su. Ya fiƙe sabon matoshi, ya sumbaci Orville a goshi, ya ce daga yau gonar nan gidansu ce. Tun ranar sunan Orville ya koma Mai Yatsa.

Shi dai ba mashayi ba ne, kuma bai taɓa gane abin da masana ke shinshinawa a bakin kofi ba. In aka tambaye shi yadda ya ji sabuwar giya, sai ya ce ja ce. Marlys ce mai harshe, ita ce ta sa suka shiga. Allah bai ba su haihuwa ba. Shi yana da 'ya'yan gari cike da mota safe da yamma, ita tana da aikinta a ɗakin shan magani, sai gidan ya zama wurin kwana da jin rediyo. Ranar ɗaukar kaya a gonar Silvio ita ce fitarsu.

Sau ɗaya a kowane yanayi ake yin ta. 'Yan ƙungiya su hau tudu da motocinsu, a hura wutar itacen oak, a jera dogon tebur guda ɗaya ƙarƙashin inuwa, likita kusa da mai gyaran famfo. In an ci an ƙoshi, sai Silvio ya zaro gawayi daga wutar da aka gasa naman, ya bi kwalayen giyar da aka jera jikin bango yana rubuta sunan kowa, yana kira da ƙarfi. Ba ya duba takarda. Mai suna ya taso ya rungumi kwalinsa, gawayin ya shafe masa ƙirjin riga. Da yamma in ka ga mutum a gidan mai da baƙi-baƙi a ƙirji, ka san daga ina ya fito. Nasu kwalin kullum abu ɗaya ke jikinsa: Orville da Marlys. Silvio kan ja sunanta in zai kira, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba.

Da Silvio ya rasu, 'yarsa Renata ta ɗauki gawayin. Rubutunta ya fi na ubanta kyau, muryarta ce ba ta kai tasa ba.

Marlys ta rasu a wani sanyi, bayan jinyar da ba ta bari kowa ya sani ba sai da ta ci ƙarfinta. Da bazara ta zo Orville ya ce ba zai hau tudun ba. Abokinsa Lyle Hostetter, tsohon mai askin garin, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, shi ya zo ya tasa shi gaba, yana cewa in ya bar shi a gida zai fara hira da firij. Orville ya zauna a ƙarshen tebur bai ci abin kirki ba. Da aka zo kan kwalaye ya sunkuyar da kai. Renata ta tsaya a kan nasa da gawayi a hannu, ta ɗan jima. Sai ta rubuta yadda aka saba, ta kira yadda aka saba: Orville da Marlys. Ya tashi ya rungumi kwalin, ya kai mota, ya daɗe bai dawo ba.

Ba su taɓa yin maganar da Renata ba, ita ma ba ta taɓa fasawa ba. A banki an cire sunan Marlys, a asibiti an cire, a coci ya koma cikin na waɗanda ake yi wa addu'a. Kan tudun nan ne kaɗai ya rage inda wani, ba shi ba, ke kiranta cikin masu rai.

Ana nan likita ya hana shi giya saboda zuciya. Orville ya bi umarni, amma bai fita daga ƙungiya ba. Kwalaye suka yi ta hawa kan juna a garejinsa har motar ta koma kwana a waje. Lyle ya ce ranar da girgizar ƙasa ta zo, unguwar za ta yi ambaliyar da ba wanda zai nemi a cece shi. Orville ya kan raba kwalaben a bikin aure da na suna, kwalayen ne ba ya bayarwa.

Sai shekarar gobarar daji. Wutar ba ta iso gonar ba, hayaƙin ne ya zauna kan inabin har ya shiga cikinsa, giyar shekarar ta fito da ɗanɗanon toka. Renata ta lallaɓa ta ƙara 'yan shekaru, gwiwoyinta suka gaza, 'ya'yanta kuma suna birni ba mai sha'awar tarakta. Ta sayar wa wani kamfani mai gonaki da yawa, ta koma kusa da jikokinta. A ranar ɗaukar kaya ta ƙarshe ta riƙe hannun Orville da hannunta mai gawayi, ta ce sun yi mata alkawari ba za su taɓa ƙungiyar ba.

Ba za a ce sun karya alkawari ba, gyara suka yi. Suka shafe tsakar gidan da siminti, suka sa kujeru masu laushi, dogon teburin ya ɓace. Ƙungiya ta rabu hawa-hawa, kowa da matsayinsa gwargwadon abin da yake saya. Taron cin nama ya zama liyafar 'yan hawan sama, sauran kuma motar kai saƙo za ta kawo musu kayansu har ƙofar gida, don a hutar da su. Tsofaffin 'yan ƙungiya suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Lyle ne ya fara, ya ce shi bai saba neman izini kafin ya je gidan da ya ci nama shekara da shekaru ba. Orville ya ce a yi wa mutanen kamfanin uzuri, baƙi ne, za su koya.

Kwalin farko ya iso wata Talata da hantsi. Kwali ne mai kyau, fari tas, da takardar inji manne a gefe. O. Bettencourt. Ya juya shi ta kowane ɓangare. Ya shiga gida ya ɗauko alƙalami mai kauri, ya cire murfin, ya tsaya. In shi ya rubuta, ai shi kaɗai ne ya tuna ke nan, wannan kuwa yana yi kullum ba sai da kwali ba. Ya mayar da murfin, ya sa kwalin a kujerar gaba, ya hau tudu.

A bakin ƙofa wata budurwa mai fara'a, Paloma, ta tambaye shi ko ya kama wuri tun da wuri. Ya ce a'a, shi ɗan gida ne. Ta duba na'urarta ta same shi, ta taya shi murnar daɗewa a ƙungiya. Ta ga kwalin a hannunsa, ta tambaya ko wata kwalba ce ta fashe.

"Ba abin da ya fashe, 'yata. Suna ne bai cika ba. Mu biyu ne."

Ta ba shi haƙuri da gaske. Ta ce injin sunan mai katin biya kaɗai yake ɗauka, ta gwada ta ga babu gurbin na biyu. Ta kira na gaba da ita, shi ma ya gwada, ya ce zai kai maganar sama. Da ta ga tsohon bai motsa ba, sai ta zaro biro daga gashinta.

"Kawo in rubuta da hannu, Baba. Yaya sunan?"

Ya faɗa mata. Ta ce ya maimaita, ya bi mata harafi-harafi. Ta rubuta shi ƙanana a ƙasan takardar, da kyau, har da ɗan zanen fure.

"Ka zo da ita wani karon mana. Zan ajiye muku kujerar bakin taga, ɗanɗanon farko kyauta ne."

Orville ya dubi wurin da dogon teburin yake a da. Ya ce da ta ji daɗin wannan gayyata. Ya yi godiya, ya rungumi kwalin ya fita. Da ya isa mota ya duba ƙirjin rigarsa, fari fat.

Ya ba su wani yanayin. Kwali na biyu ya zo kamar na farko. Ya sake hawa tudun, aka ce Paloma ta koma makaranta, wanda ke wurinta kuma ya ce ba a yarda su yi rubutu jikin kaya ba. Orville bai yi gardama ba, bai taɓa iya ta ba. Ya zauna a mota a bakin gonar har inuwa ta juya, yana kallon ma'aikata suna tuge tsohuwar kurangar uban Silvio za su dasa irin da kasuwa ke so.

Kashegari ya buga waya ya ce a cire shi. Matar da ta ɗauka, daga wani gari mai nisa, ta ce ba sa son rasa tsohon abokin ciniki irinsa. Ta yi masa tayin ragi, ta yi masa tayin hawa na sama, ta tambaya ko giyar ce ta canza masa. Ya ce giyar ba ta da laifi, ja ce kamar kullum. Ta ce to me za ta rubuta a matsayin dalili. Ya ce ta rubuta tsufa.

Yanzu da safe za ka same shi a shagon kofi na bakin hanya, shi da Lyle, a teburin kusa da ƙofa. Ya rame, hular ta yi masa yawa, amma in tsofaffin 'yan motarsa suka shigo da nasu 'ya'yan yana kiran kowa da sunansa, har da inda yake zama a mota. Ranar da labarin fitarsa ya iso shagon, Lyle ya ajiye kofinsa ya juya ga jama'a, ya ce a tafa wa Mai Yatsa, yau ya zare.

"Kai, direba, mutum ya yi wuni guda a durƙushe yana gadin giyar wani, ya tashi ya ƙara rabin rayuwarsa. Mu duk mun watse kai kana nan ka toshe. Ba ka gaji ba ne, ko yatsan ne ya maƙale?"

Aka yi dariya, Orville ma ya yi. Ya ɗaga babban yatsan yana dubansa kamar na wani ne.

"Ranar ban gaji ba, mutumina," ya ce. "Lokacin akwai abin da zai zube in na cire. Kuma ga Marlys a kan akwati tana sa min nama a baki, kuna kallo, ba ta damu ba. Ni dai, da Silvio ya kwana a ƙarshen gonar nan, da ban ce masa komai ba."