Tarwaɗar da Inna ta hana a dafa

Tun zamanin Turawa, da na bar elimantare a Gusau, ban iya zama wuri ɗaya ba. Na yi dakon gyaɗa a tashar jirgi, na gaji, sai na bi masu wankin zinariya can bayan Bunguɗu. Suna wanke ƙasa a bakin rafi, su zuba mata zaiba, wani farin ruwan ƙarfe, don ta kama zinariyar, ruwan wankin kuma ya gangare cikin wani gurbi.

Ina can aka aiko yayata ta haihu a Kekun Waje, tana jego wurin Inna, kuma ba abin da ranta ke so sai romon tarwaɗa. Na ce abu ya zo da sauƙi. Kifin gurbin nan ko gudu ba ya yi, da hannu na tsince su na cika gora.

Da na isa gida Inna ta leƙa goran, ta ce, "Kai da ba ka iya kama kaza, yaushe ka zama Sarkin Ruwa?"

"Inna, sa'a ce. A ɗora tukunya."

"Gidanga ba a dafa tarwaɗa ran da anka kamo ta. Sai ta kwan cikin ruwan rijiya ta amayar da taɓo."

Haka ta gada wurin uwarta. Na yi ta mita, yayata ma daga ɗaka tana cewa, "Haba Inna, yawuna ya tsinke!" Inna ta juye su a tsohuwar randa abinta.

Da hantsi ta kira ni. Tarwaɗa mai ran ƙarfe, wadda ke yini a tudu ba ta mutu ba, ga su nan rabi sun juya ciki sama. Sauran suna ta kewaya a karkace kamar masu hajijiya. A cikin ruwa mai haske muka ga abin da taɓo ya rufe: gyambo a jiki, wata ma bayanta a tanƙware. Inna ta tsaga guda, hantar ta yi fari fat, tana marmashewa a yatsa.

"Mi suka sha can inda ka kamo su?"

Na gaya mata zancen zaiba. Ta dubi ƙofar ɗakin da jaririn ke shan nono. Sannan ta miƙo mini fartanya.

"Bisne su da zurfi, kada kaji su tono."

Zakarana aka yanka wa maijego ranar. Yaron nan shi ke noma gonarmu yanzu. Duk sanda na gan shi ya duƙa a kan kunya, sai na yi wa Inna addu'a.