Malam Sanusi da kashi goma sha huɗuna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita makaranta aka kira ni, wai Malam Sanusi mai Fiziks ya rasu.

Har yanzu ban cire takalmin da na sa ba.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki muna aji biyar. Kayan lab ɗinmu duka-duka zare ne da ƙwallon ƙarfe, sai agogon hannun Malam. Muka auna ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi, na samu 11.2, littafi kuwa ya ce 9.8. Na goge nawa na rubuta na littafi.

Ya tsaya a kaina ya ce, "Bilkisu, mi kika samu da hannunki?"

Ya sa na cire 9.8 daga 11.2, na raba da 9.8, na ninka da ɗari. Kuskurena ya fito kashi goma sha huɗu. Na fara hawaye, shi kuwa ya ba ni maki fiye da waɗanda suka kwafa. Ya ce, "Ke kaɗai kika yi aiki yau."

Lokacin yakan ce mu yi haƙuri, farar hula sun zo, kayan aiki na nan tafe. Da gaske ya yarda da haka.

Yanzu ni ke koyarwa a ajin nasa. Rufin lab ya rufta, an zuba karyayyun kujeru a ciki. A allo nake zana firatikal, ɗalibai su haddace amsa. Wa zai lissafa kuskuren abin da bai auna ba?

Bayan Babbar Sallah na je gaishe shi a Ƙofar Durbi. Ciwon suga ya cinye masa ido, amma ya gane muryata. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗiyata, kayan sun iso?"

Na ce ba su iso ba, Malam.

Sannan ya roƙe ni in kai shi ajin ko sau ɗaya, ya ji muryar ɗalibai. Na ce sai an dawo hutu. An dawo, sati biyar ke nan, ban je ba.

Ƙarfe biyu za a yi jana'iza.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara.