Haƙorin Makkan Iya

Ni ban iya ƙawata magana ba. Sai da na aurar da ɗiyata ta fari sannan na zauna a ajin yaƙi da jahilci, don haka yadda abu ya faru haka nake faɗinsa.

A Makera na tashi, a ɗakin kakata Hajiya Iya, mutuniyar Kurfi, shekarun da injin niƙa ya fara zuwa garinmu. Da kaka, in an ci tuwo an yi isha'i, sai mu hura wutar kara a ƙofar ɗakinta mu zube muna ɓarar gyaɗa, ita kuma ta ba mu tatsuniya. A lokacin ciwon yanar ido ya rufe mata idanu. Da murya take gane mu. In na yi rashin kunya ta kawo hannu, sai ta make wadda ke kusa da ni. Ban taɓa gyara mata ba.

Baba Sale, ƙanen mahaifina, yana koyon kanikanci a Dutsin-Ma wurin wani Oga Sunday, mutumin kudu mai karance-karance. Duk zuwansa gida da sabon labari.

"Oga ya ce nan gaba inji zai yi magana, har ya ba mutum shawara. Zuciya in ta gaji a cire a sa ta ƙarfe. Kuma abin gudu yake ƙarawa. Abin da kakanni ba su gani ba duk rayuwarsu, mu kafin mu yi furfura mun gan shi."

"Injin zai yi sallah?" in ji Iya.

Wannan karon dai ba labari kaɗai ya kawo ba. Likitocin ido sun zo Katsina, suna cire yanar ido su ba mutum tabarau, kuma sun kusa tafiya. Har mota ya nemo. Iya ta ce sai dai a ɗauki gawarta. "Idon da Allah ya ba ni, shi zan mayar masa." Manya suka lallashe ta har suka gaji.

Da muka taru a bakin wuta, ta ce kowa ya zauna, har Baba Sale. Ta gyara murya: "Ga ta nan, mai kunne ya matso."

Wai wani malalaci ne, Ɗan Hutu, ya je wurin maƙeri ya ce ƙafafunsa na gajiya. Aka ƙera masa na ƙarfe, ya je Kano ya dawo kafin a sauke tukunya. Ya koma aka ba shi hannuwa, ya nome gonakin gari kaf kafin hantsi. Aka canza masa ciki don kada ya ji yunwa. A ƙarshe aka sa masa kai mai sanin amsa tun ba a yi tambaya ba. Ya nufo gida, ƙarau, ƙarau! A nan Iya ke buga ludayi a kwano, mu kuwa mu yi ta ƙyalƙyala. Uwarsa ta ajiye masa tuwo da miyar kuka da man shanu, bai ji ƙamshi ba. Ta yi masa waƙar da take yi masa yana goye, ko gezau. Sai ta ce, "Bawan Allah, ina ka baro mini ɗana?" Damina ta sauka, ya yi tsatsa a bakin hanya, kaji na hawa kansa.

"Ƙurunƙus," in ji Iya. "Wanda ya raina halittarsa, ga makomarsa nan."

Kowa ya san inda aka dosa. Baba Sale ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ina kallon bakinta, hasken wuta na dukan haƙorin zinariyar da ta sako daga aikin Hajji.

"Iya, haƙorinki na Makka fa? Maƙerin Ɗan Hutu ne ya sa maki?"

"Ke Hansai!" Innata ta daka mini tsawa daga madafa.

"Wannan shaidar Hajji ce, ja'ira," in ji Iya.

"To kin yarda an sa maki ƙarfe a baki don a ce Hajiya, amma ki ga fuskarmu kin ƙi. Kuma jiya da ƙuda kika sha furarki. Ina kallo."

Iya ta tofar da yawu, ta sake tofarwa. Sai dariya ta ƙwace mata har da tari.

"Kina kallo, 'yar nema, ba ki faɗa ba? Sale, yaushe motar taka? Kuma ku sani ba don bakin yarinyar nan zan je ba, don ƙuda ne."

Ta dawo da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ta sa muka jeru, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. "Ashe haka kuka yi muni ban sani ba!" Da ta zo kaina ta riƙe fuskata da hannu biyu, ta daɗe tana kallo. Hawaye ya gangaro, ta ce maganin likita ne. Daga ranar dukanta bai ƙara kuskure ni ba.

Yau jikana zama yake yana hira da waya tana ba shi amsa, yana ce mini an kusa fara dasa na'ura a ƙwaƙwalwar mutum. Ba na tsorata, ba na kuma rawar kai. Na daɗe ina juya tatsuniyar Iya, na ga ba ƙarya ta yi ba, ɗora ta dai ta yi inda ba wurinta ba. Ɗan Hutu duk ƙarfen da ya ƙara, nesa da uwarsa ya kai shi. Ita kuwa kwalba biyu aka ɗora mata a hanci, ta dawo cikinmu.

Yanzu ni kunnena ne ya fara nauyi. In masu ƙere-ƙeren nan suna da abin da zai sa in ji gulmar da jikokina ke yi a kaina, su zo, ga kunnen. In kuwa wanda zai sa in daina buƙatar jikokin ne, su riƙe kayansu.