Farin Gari a Butar Baba

Shekarar da aka jawo famfo unguwarmu a Wurno mun yi murna kamar ranar sallah. An huta da 'yan ga-ruwa, ni kuma wuyana ya huta da tulu. Murnar ba ta je ko'ina ba, don ruwan mai zartsi ne. Inna, mahaifiyata, sai ta goga sabulu har hannunta ya yi ja, kumfa ta ƙi tashi. Fararen rigunan Baba suka dushe, wake ya riƙa cinye itace kafin ya nuna.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tayar da gidanmu butar shayin Baba ce. Ya kwana biyu yana fama da ciwon ciki, sai yayarsa, Gwaggo Asabe, ta zo dubiya daga Rabah. Gwaggo ba ta shiga gida ta bar murfi a rufe. Ta buɗe butar, ta kankaro wani farin gari da ya daskare a gindinta, ta kai wa Baba a tafin hannu.

"Wanga mi na na? Wa ka dahwa ma shayi in ba matakka ba?"

Baba ya dubi garin, ya dubi Inna, ya sunkuyar da kai. Kafin la'asar Gwaggo ta yanke magana: da safe za a sa Inna a mota zuwa Gandi, gidan iyayenta. Na leƙa ɗaki na gan ta tana ninke zannuwanta a akwati. Tsoro ya kama ni, don a lokacin ban san wa zan gaskata ba.

Kakarmu ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya, ita ke mana tatsuniya bayan magariba a bakin murhu. Ranar ba mu sa rai ba, sai ga ta tana iza wuta. Ta sa aka shimfiɗa wa Baba tabarma kusa, abin da ba a taɓa yi ba. Sannan ta miƙa wa Gwaggo wata sabuwar ƙaramar tukunya.

"Wanke ta da hannunki, ki taro ruwa ga hwamfo, ki aza. Kar kowa shi taɓa sai ke."

Da ruwan ya fara motsi, Iya ta ce, "Ga wata nan tahe, ku tare ta." Muka amsa can ƙasa-ƙasa.

Wai wani makiyayi ne da karensa. Kullum ya ajiye ƙwaryar nono da dare, da safe sai ya tarar ta ragu, ga kuma kare da farin baki. Maƙwabcinsa ya ce, ai ga ɓarawo yana kaɗa maka wutsiya. Makiyayin ya san karen nan tun yana ɗan kwikwiyo, amma ya ɗauki sanda ya kore shi.

"Iya, tukunya za ta ƙone," in ji Gwaggo.

"Ƙara mata ruwa ki zamna."

Inna tana bakin ƙofar ɗakinta cikin duhu, ba ta matso ba. Ni dai idona na kan tukunya, ban san abin da ake jira ba.

Iya ta ci gaba. Wai gari ya waye babu kare, nono kuma ya ragu kamar kullum. Makiyayin ya ɗaga ƙwaryar, ashe tsagewa ta yi a gindi. Abin da ke ɗiga ƙasa ne karen ke lasa. Ya ɗinke ƙwarya, ya shiga daji yana kira.

"Ya dawo?" na tambaya.

"Ya jiya kiran," in ji Iya. "Yat tsaya nesa, yad dube shi."

Ba ta rufe tatsuniyar da ƙurunƙus ɗin da ta saba ba. Ta bar ruwan ya ƙafe ƙarƙaf, ta ce wa Gwaggo ta sauke ta haska da fitila. Gindin tukunyar ya yi fari fat. Iya ta sa yatsa ta shafo, ta kai gaban idon Baba.

"To, wanga wa yaz zuba shi? Asabe ko ni?"

Da safe Gwaggo ce ta hau mota. Ciwon Baba ya warke da maganin asibiti, aka koma sayen ruwan rijiya don sha, aka bar wa famfo wanki. Ban taɓa jin wani ya ba Inna haƙuri ba.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan kan Gwaggo aka yi ta, kuma na ji mata haushi iya jin haushi. Sai da na yi aure na gane Iya da ɗanta take. Gwaggo baƙuwa ce, ta ga abin da ba ta sani ba ta tsorata. Baba ne ya san Inna, shi ne kuma ya yi shiru.

Inna ta zauna, ta ƙara haihuwa, sun tsufa tare ba a jin kansu. Amma daga ranar har Allah ya karɓi ran Baba, duk shayin da ta dafa masa sai ta tsaya a gabansa ta kurɓa tukuna ta miƙa. Yakan ce, "Haba, bari mana." Ba ta taɓa bari ba.